Inda Tsutsa Ta Ci

Samarƙand, tsakiyar sanyi.
Ƙanƙara ta kwana a bakin tagar ajinmu,
na shigo da butar shayi a hannu,
kwamfuta a hammata.

Shekara ashirin da shida ke nan
ina koya wa 'yan jami'a karatun tsofaffin takardu.
Malamina, Tursunboy, kundi ɗaya ya cinye masa
shekara goma sha ɗaya da idon hagu.
Jiya na'ura ta karance irinsa
kafin shayina ya huce.
Ba zan ci amanarta ba: ta iya.
Ta warware min wani harafi
da ya ƙi ni tun gashina yana baƙi.

Na haska musu wasiƙa a bango.
Wani falke ne, shekaru ɗari uku baya,
ya rubuto wa matarsa daga hanyar Kashgar:
"Na bar miki
a gindin rumman."
Tsakanin miki da gindin akwai rami.
Tsutsa ta ci, ta ƙoshi, ta yi gaba.

Doniyor mai saurin yatsa bai jira ni ba.
"Malama, ta ce zinariya!"
Na ce, sake tambayarta.
"Ta ce azurfa."
Sake.
"Yanzu kuma, wai zuciyata."

Aji ya ɓarke da dariya.
Sarvinoz, da ke bin darasi ta waya
daga ƙauyensu can bayan duwatsu,
jariri a cinya,
tata dariyar ta iso mana a makare
kamar aradu bayan walƙiya.

Na ce musu, ba mugunta ba ce.
Shiru ne ba ta iya ba.
Kun san mutumin nan da za ka tambaya hanya,
kunyar "ban sani ba" ta kama shi,
sai ya nuna maka gabas da ilahirin hannunsa?
To, ita ke nan.
Raƙuma ce. Ku labta mata kaya,
ta kwaso, ta jera, ta fassara,
ta zauna da ku har asuba ba ta ƙosa ba,
abin da ni ba zan iya ba.
Akalar dai, kar ku sake ta.

Ranar jarrabawa na bar kowa da na'urarsa.
Mutum arba'in da biyu.
Rabinsu suka cika ramin da zinariya,
wasu da alkama, wani da takobi.
Mohinur, mai zama can baya da jan mayafi,
wadda ban san muryarta ba,
ta bar fili faɗin yatsa biyu,
ta rubuta a gefe da ƙaramin hannu:
"Nan tsutsa ta riga mu."
Na ba ta makin da ban taɓa ba kowa ba.
Shugaban sashe ya ce, a kan fili?
Na ce, a kan fili.

Da dare na dawo gida.
Gurasa ta bushe a kan tebur.
A wayata akwai saƙon murya mai shekara huɗu,
Odiljon ne, daga hanyar Tashkent,
ƙarar mota a bayansa:
"Shahodat, in na dawo ina so mu"
nan layi ya yanke.
Bai dawo ba.

Yaran sun gaya min,
in aka ba ta murya kaɗan
za ta ƙarasa zancen, da irin tarinsa ma.
Na buɗe.
Na ɗora saƙon a bakin ƙofarta.
Yatsana ya tsaya a sama,
ya daɗe,
har shayi ya yi fata.

Ina so mu me?
Mu gyara rufin? Mu je wurin 'yarmu?
Za ta faɗa min, na sani,
sau uku, iri uku,
kowanne da daɗin ji.

Na rufe.
Na sake kunna shi yadda yake,
na saurara har wurin ramin,
na ɗan ƙara saurare bayansa.