Rasit

Ranar Talata a Montebidiyo
Wilmar ya bi layi a kantin magani,
gabansa tsohuwa mai hawan jini.

Da aka zo kansa
Nelida ta ce, "Ɗora yatsa."
Na'ura ta yi ƙyas.
Ta miƙo ƙunshin wiwi,
har da rasit.

Wannan yatsan dai
'yan sanda suka taɓa dangwalawa a tawada.
Shekara biyu yana ƙirga ƙarafan taga
a kan ganyen da bai cika tafi ba.

A gida tsohonsa ya ɗago daga kwalba ta uku,
ido jawur:
"Ƙasa ta lalace."

Wilmar bai tanka ba.
Ya ninke rasit ɗin,
ya ajiye a gwangwanin biskit
inda takardar sallamarsa take.