Tafinta a Kotun Udine

Ni aka kira in ara wa Anatol baki.
Harshensa na sha a nono, ƙasar nan kuma ta riƙe ni shekara ashirin.
Na zauna tsakaninsu kamar gada,
ashe gada na jin nauyi, ban sani ba.

Tuffa ya ɗauko daga Soroka, tirela guda,
kwana uku yana haɗiyar kwalta,
mai kamfani na ta buga waya: "Kaya za su ruɓe!"
Barci ɓarawo ne, kowa ya sani,
ya ɗauke shi ƙiftawar ido a wata kwana,
bai yi sallama ba.

Ornella na kan kekenta, ƙarfe huɗu na asuba,
za ta hura tandun burodi.
Ranar unguwa ta tashi babu ƙamshi.
Ƙullin da ta kwaɓa da dare ya kumbura har ya zubo,
yana jiran hannun da bai zo ba.

Alƙaliya ta ce, "Ka san ka wuce awannin doka?"
Na juya masa. Ya ce, "Na sani."
Ya ƙara wata ƙasa-ƙasa,
kan bashin gida da kuɗin maganin uwarsa.
Lauya ya ɗaga hannu, aka wuce.
Ita ban fassara ta ba.

Ezio, mijin, yana benci na biyu,
tabaranta a aljihunsa, ido ɗaya a fashe.
Ya miƙe ya ce, "Ku ɗaure shi.
A'a. Ban sani ba.
So nake dai wani ya kwana ido biyu kamar ni."
Na miƙa ta kalma-kalma, da zafinta.
Anatol ya gyaɗa kai, bai musa ba.

Shekara biyar da wata huɗu.
Daga bakina ya ji ta,
ni ya kalla, ba alƙaliya ba.

A matakala wata ta ce an yi sassauci, rai ba tuffa ba ne.
Wani ya ce don baƙo ne, da ɗan gari ne da ya kwana gida.
Mai kamfani kuwa ya sake wa motocinsa fenti,
ko sammaci bai gani ba.

Tsautsayi ne ko ganganci?
Harsuna biyu gare ni, na lalube su duka,
kalmar da ke tsakanin biyun
ban same ta ba.

Da magariba na kama hanyar gida,
ruwa na zuba, fitilu na rawa a gilashi.
Daidai kwanar nan na yi hamma,
doguwa, har da hawaye.
Na gangara gefe, na kashe mota,
kusa da wani farin keke da aka jingina da furanni.
Na daɗe hannuna na kan sitiyari,
bai daina rawa ba.