Gwiwar Fijo

Tun daga Kwami take ƙorafi,
ƙwal, ƙwal, duk ramin da muka faɗa,
sitiyari na fizgata hagu
kamar akuyar da ta hango dusa.
Na ce, yi haƙuri mu kai Bolari,
ni ma tawa gwiwar kuka take, ban gaya wa kowa ba.

Bakanike ya girgiza taya, ya girgiza kai,
ya kira kuɗin da ya fi fanshona tsawo.
Na zarce shagon Nduka a bayan tasha,
na sayo boljoyin biyu cikin kwali mai maiƙo.

Asabar da hantsi, gindin darbejiya.
Jak ɗin Hamma Jalo ne, Allah ya jiƙansa,
mariƙin ya yi santsi daidai inda yake kamawa.
Na tokare tayar baya da dutse,
na tura kututture ƙarƙashin mota,
don jak alkawarin mai neman ƙuri'a ne,
ba a kwanta masa a saki jiki.

Dija ta tsuguna da farantin silba,
yau ita ce ma'ajin notina.
Ba ni sha tara. Ta miƙo sha bakwai.
Sha tara na ce! Ta ce, Baba,
tsatsa ta cinye rabin lambar.

Noti uku suka fito salin-alin,
na huɗu ya ce sai an kira kakansa.
Na shayar da shi kananzir, na sha shayi,
na zura wa sifana bututun famfo,
ya yi kukan tsohon ƙyaure, ya juya.

Saura gogan.
Ya daɗe a raminsa har ya ɗauka gado ne.
Na buga, na buga, guduma ta zame
ta gaisa da babban yatsana.
Abin da na faɗa, Dija ta yi kamar ba ta ji ba.
Buba Tela ya leƙo ta katanga, tef a wuya:
a gasa shi da wuta!
Mai rake ya ja burki: a kira yaran gareji!
Kowa likita ne in ciwon na jikin wani.

Na zauna daɓas ina tsotsar yatsa,
sai muryar Hamma ta zo daga wata Asabar,
lokacin ni ke riƙe da faranti:
mai taurin kai ba a dukansa a ka,
tara guduma ɗaya bayan kunnensa,
ka bugi gefe da ɗayar.

Sau uku.
Fat! Ya faɗo ƙasa.

Na ɗauko shi. Roba ta yage, giris ya ƙafe,
ciki jar ƙasa cunkus:
ta hanyar Dukku da buhunan wake,
ta Nafada daren da Inna ta kasa numfashi,
ta Deba ranar da muka dawo
kujerar direba ta zama tawa.
Duk yana riƙe da su, yana juyawa,
bai yi magana ba sai bana.

Sabon ya shiga ba gardama, kamar baƙo mai kunya.
Na ɗaure noti, na zura fin, na lanƙwasa ƙafafunsa.
Ɗaya gefen bai ci rabin sa'a ba,
haka ilimi yake, sai ka zubar da jini a na farko.

Bayan la'asar muka fita, ni da Dija,
ina neman ramuka da gangan har Pantami.
Shiru.
Shirun da ya sa na kashe rediyo don in ji shi.

A ƙofar gida na zuro ƙafa zan sauka,
gwiwata ta ce ƙwas.
Dija na jujjuya tsohon ƙarfen a tafinta,
ta dube ni, ta dubi kwalin da ba kowa ciki:
Baba, irin taka fa,
Nduka yana sayarwa?