Tsakanin Maɓalli Biyu

Ƙarfe biyun dare a Tbilisi,
ɗakin ƙasa, ƙarƙashin gidan burodi,
ƙamshin yis na saukowa ta bututun iska.
Shorena ta buɗe manhaja uku a allo ɗaya.
Kowace ta ba ta gwajin kwana sha huɗu,
yau na sha uku.

Muryar da ke jira ta kawunta ce, Guram,
tsohon direban jirgin ƙasa,
saba'in da huɗu, numfashi na aro.
Sau biyu ya rera ran Talata,
ya ce ya isa, ya kifa hula ya fice.

Ta farko ba ta ɓata lokaci.
Ka murɗa abu guda,
ta ci kwalar kowane sauti
ta tsayar da shi a kan layi.
Shorena ta kasa kunne:
wani saurayi ne ya fito daga lasifika,
sumul, bai san taba ba,
bai taɓa binne matarsa ba.

Ta biyu tsada gare ta, lari ɗari tara.
Takan baje murya a allo
kamar ƙananan kifaye a faranti,
ka ɗaga ɗaya da linzami, kaɗan,
ka bar wutsiyarsa tana rawa.
Aikin mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ta uku kuɗin wata take so,
kamar na lantarki, har illa masha Allahu.
Ta rufe ta ba gardama.

Sai ga wani sauti a baiti na uku
da ya zauna tsakanin maɓalli biyu na fiyano,
ba fari ba, ba baƙi ba.
Manhaja ta shafa masa ja.
Ta ja shi sama, ya yi ƙarya.
Ta ja shi ƙasa, ya mutu.

Ta tashi ta zazzage akwatin takalmi,
ta zaro kaset na wani biki a ƙauyensu,
maza bakwai a bakin tebur, kofuna na ƙara.
Baiti na uku ya zo.
Duk bakwai ɗin suka sauka nan,
a ramin da fiyano ba shi da haƙori,
ba wanda ya yi tuntuɓe.

Ta sayi ta biyun kafin asuba,
hannu na rawa a kan lambar katin.
Wuri biyu ta taɓa,
inda iska ta ƙare wa tsoho
har shi kansa ya yamutsa fuska.
Jan nan ta bar shi da jansa.

Sama an fara fitar da burodi
lokacin da wayarta ta yi ƙara.
"Na ji," in ji Guram. "Kin sa hannu."
"Wuri biyu, Kawu."
Ya yi tari, ya daɗe.
"Uku ne. Akwai wani kusa da ƙarshe.
Koma ki duba."