Ɗigo Na Goma Sha Tara

Sun ce an ambaci aikinki sau ɗari shida da ɗoriya
a ƙasashen da ƙafarki ba ta taɓa takawa ba.
Ni ban iya wannan ƙirgen ba, Dakta Lantana.
Tela ce ni a Kasuwar Barci,
lissafina kamu ne da yadi,
sai canjin da ya kwana a gwangwanin madara.

Amma na ga takardar.
Wani ɗalibinki ya kawo a rage masa wando,
ya manta ta a kan benci.
A shafi na huɗu akwai zane:
layi yana gangarowa kamar hanyar rafi,
ɗige-ɗige a jikinsa kamar kashin ƙuda.
Da ya dawo na tambaye shi.
Ya ce kowane ɗigo mace ce.
Na ce, to wanne ne Inna Tabawa?
Ya sosa ƙeya, ya ce ba a sa suna.
Sai na zaɓar mata da kaina, na goma sha tara,
daidai inda layin ya karye.

Shekara biyu tana wankin zane da dare
don kada mu ga jinin.
Ta ce sanyi ne. Ta ce al'ada ce ta yi kome.
Ta sha sassaƙe, ta sha saiwa, ta tsuguna kan kasko.
Ran da muka tsallaka gada da ita,
kogi ya cika har ya ci masarar bakinsa,
ke kika faɗi sunan abin, ba ki sunkuyar da kai ba:
dajin bakin mahaifa.
Daji.
Wurin da ake shiga a nemi hanya a rasa.

Bayan allura, tambaya kika yi ta jerowa.
Nawa ne kuɗin mota daga Kujama?
Wa ke tuƙa wa yara tuwo in kin zo ƙarin ruwa?
Me ya hana ki dawowa a mako na uku?
Inna ta dube ni, ta ce: wannan likita ce ko 'yar jarida?
Kika yi dariya, alƙalami bai tsaya ba.

Gero bai fid da kai ba muka binne ta.
Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba.
Na ce ta kwashe maganar Inna ta zuba a littafi,
mu ta bar mu da tabarma.

Damina bakwai.
Yanzu ranar ƙarin ruwa ita ce ranar kasuwa,
lokacin da motocin ƙauye ke shigowa da doya da mata.
Wata ma'aikaciya, Rifkatu, tana zagayawa da akwati:
tocila, auduga, ruwan kal a kwalba.
Labulen da ake shiga bayansa ni na ɗinka,
shuɗi, kamu goma sha biyu, na ninka bakin sau biyu
don kada iska ta tona asirin kowa.
Da na kai musu, Rifkatu ta riƙe hannuna, ta ce shiga mana.
Na ce aiki na bari.
Ta ce keken ɗinki ba ya guduwa.

Ta ga wani fari-fari, bai kai ƙwayar wake ba.
Kafin a kira la'asar an ƙone shi.
Na hau mota na dawo, na ƙarasa rigar mutane.

Ban san ko na shiga sabuwar takardarki ba,
ban san a wane shafi nake ba.
Jiya dai na hango ki a layin masu tumatir,
kina ciniki kamar kowa, gilashi a goshi,
aljihun farar rigarki ya ɓarke ta gefe
saboda nauyin littafin nan.
Ki aiko da ita.
Zan sa zare biyu.