Cinya Ɗaya, Baki Ashirin da Uku

Tun kafin zakarun Sangre Grande su gama gardamarsu
na tsamo cinyar aladen daga ruwan da ta kwana a ciki.
Gishirin ya ragu. Nauyin yana nan,
kamar na jaririn wata shida.
Mama Verlyn na kan kujerar roba a bakin ƙofar kicin,
sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu goma,
amma bakin nan nata, babu ciwon da ya taɓa shi.

"Carlyle, ba yanka na ce ka yi ba, zane.
Ɗaye fatar, ka bar mini kitsen."
Na ja layi, na ja wani ya gitta shi,
har bayan naman ya koma ragar masunta.
Kowace mahaɗa, kanumfari ɗaya.
Ta ce uwarta ba ta taɓa wuce sittin ba.
Na soka saba'in da huɗu, na yi gum.
Ta ƙirga da ido.

Jan sukari, zuma, ruwan abarba,
mustad cokali biyu, ɓawon lemo,
cikin tukunyar da murfinta ya ɓata tun ina firamare.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Dutse dai ba ya ƙonewa.
Sukari kuwa, ƙiftawar ido ta ishe shi.

Kafin romon ya ga nama, sai da ta sa na raba shi biyu.
Rabi na kajin Fazal ne, mijin ƙanwata Desrey,
faranti daban, wuƙa daban,
gashi ma a murhun maƙwabciya.
Kirsimeti goma sha ɗaya yana zama a teburin nan,
bai taɓa kai hannu ga cinyar ba,
ba kuma wanda ya taɓa ce masa ɗanɗana.

Duk minti ashirin in buɗe murhu,
zafi ya mare ni, tabarau ya yi hazo,
in shafa romon, in rufe,
in ji ta a bayana: "Gefen hagu. Ka tsallake gefen hagu."

Da azahar gida ya cika.
Kawu Osric da jarkokin zoɓo mai citta,
tagwayen Merle suna tsere a ƙarƙashin tebur,
kujerun aro daga coci, ɗaya mai ƙafa uku.
Wani ya ce motata ta tare hanya.
Minti bakwai na yi a waje. Bakwai kacal.
Ƙaurin ne ya tarye ni a tsakar gida.

Gefen hagu, wanda na fi wa hidima,
ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Sauran kuwa yana ƙyalli, ja-ja-wur,
yana tsartuwa, yana zubar da hawayen zuma.
Na tsaya da tsumma a hannu,
ɗan shekara arba'in da shida, ina jiran faɗa.

Dariya ta yi har da tari.
"Shekarar da aka haife ka, gaba ɗaya na ƙone ta.
Na ɗora wa murhu laifi.
Ubanku ya sayo sabo, ya tafi kabari bai sani ba.
Yanko mini baƙin nan, shi nake so."

Aka yi addu'a, aka yi shiru irin na masu ci.
Fazal ya nemi ƙarin kaza.
Cinya ta yi ta ramewa har ƙashi ya bayyana.

Da dare, ina wanke-wanke,
ta turo shi gabana da bayan hannu, a naɗe cikin takarda.
"Na miyar wake ne. Wanda ya dafa, shi ke tafiya da ƙashi."
Shekara arba'in da ɗoriya ƙashin bai bar gidan nan ba.
Na tuƙa mota da shi a kujerar gefe,
yatsuna na ƙamshin kanumfari.