Ɗari Shida da Arba'in

A Tromsø rana ta yi balaguro tun Nuwamba,
ta bar mu da fitilu da ƙanƙara da jira.
Ƙarfe biyu na azahar, duhu kamar tsakar dare.
Na hau bene na uku, na kakkaɓe takalma,
na iske kakana Eilif zaune gaban tekunsa,
teku mai tsawon gadon jariri,
bangon gilashi, ruwan gishiri, da murjani,
ba na ratayawa a wuya ba,
mai rai, mai buɗe baki in dare ya yi.

Ya ce, "Torunn, zo ki gani, suna tafiya.
Duhun nan ya ishe su yadda ya ishe mu.
Sau uku ina ƙara musu wuta, ko godiya."
Mai rassan nan, da can kore shar,
ya koma fari fat, ƙashin kifin da aka tsotse.

Na aro ma'auni wurin Sindre mai shagon kifi,
ƙwayar ido guda a bakin sanda, da waya, da ɗan allo.
Na naɗe hannun riga, na kashe famfo,
don motsin ruwa na sa lamba rawa.
Na tsoma hannu har gwiwa.
Ɗumi. Wata ƙasa ce a cikin falo.

Kan yashi, ɗari biyu da goma.
Kafaɗar dutse, ɗari huɗu.
Ƙarƙashin kogo, inda jatan lande ke ɓuya, sittin.
Can ƙololuwa, inda farin ya fi muni,
lambar ta yi tsalle, ta dawo, ta tsaya:
ɗari shida da arba'in.

Ga littafinsa a gefe, gishiri ya cinye bangon,
rubutun hannunsa na shekara bakwai baya
ya ce nan wurin ɗari uku ne, kada a wuce.

"Sandar nan ƙarya take," in ji shi. "Ni da idona?
Shekara arba'in ina shigo da jirgi cikin duhu,
ina karanta fitilar gaɓa tun tana kamar ƙwayar gero."

Shi ya koya mini, ina 'yar shekara tara,
cewa murjani na da 'yan haya cikin tsokarsa,
tsirrai ƙanana da ido ba ya kamawa,
su ci haske, su biya shi da abinci da launi.
In haske ya wuce kima, zama ya ɓaci,
sai ya kore su duka,
ya kwana a gida fayau, da yunwa.
Ban maimaita masa ba. Karatunsa ne.

Na juyo in nuna masa allon,
shuɗin fitilar ya faɗa fuskarsa,
sai na ga abin da ban zo aunawa ba:
yana ta kwanta a idanunsa biyu
kamar ɗigon madara a kofin ruwa.
Ashe ba tankin ne ya dushe ba.

Muka yi shiru. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna.
Can ya ce, "To rage." Na rage.
"Ƙara ragewa." Na sake tsomawa,
har sanda ta ce ɗari biyu da tamanin.
Ya zauna gaban abin da a wurinsa duhu ne,
ya yarda da lamba, ran nan kaɗai, ba da son ransa ba.

Ƙarshen Janairu likita ya share masa ido ɗaya.
Makon ne rana ta leƙo bayan tsauni,
minti kaɗan, ta koma.
Ya shigo falo da auduga a gefen fuska,
ya tsaya, ya kare ido da tafin hannu:
"Wane mahaukaci ne ya kunna wuta haka?"

Rassa biyu sun tafi, gansakuka ta gaje su.
Na uku, a gindinsa, wajen faɗin farce,
wani launi na dawowa, ba kore ba tukuna,
ruwan shayin da bai ji ganye ba.
Sindre na ta kira a mayar masa da sandarsa.
Kaka ya ce a gaya masa sai Litinin.